Kukan Jaki a Tsakiyar Piyano: Kiɗa da Tunani a Fim ɗin Au hasard Balthazar na Robert Bresson

1. Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a rubuce-rubucen masu nazarin sinima, wato a ce kiɗan fim kaza "yana ɗauke da falsafa". Sau da yawa idan aka matsa wa mai maganar ya yi bayani, sai a tarar abin da yake nufi bai wuce cewa kiɗan yana tafiya sannu a hankali, ko kuwa ya sa shi baƙin ciki ba. To amma baƙin ciki daban, falsafa daban. Falsafa matsayi ce da mutum yake ɗauka game da duniya: shin wahala tana da dalili, shin akwai mai ganin wanda ake zalunta, shin abin da ya sami mutum sakamakon aikinsa ne. Kiɗa kuwa, musamman wanda babu waƙa a cikinsa, ba ya iya cewa i ko a'a. Ta yaya ke nan abin da ba ya furta jimla zai kai mai kallo ga irin wannan matsayi?

A cikin wannan ƴar takarda za mu gwada amsa tambayar ta hanyar fim guda ɗaya, wato Au hasard Balthazar, wanda Robert Bresson (1901-1999) ya fitar a Faransa a shekarar 1966. A tamu fahimta, tunanin da kiɗan fim yake tayarwa ba ya zaune a cikin sautin shi kaɗai. Yana fitowa ne daga yadda aka raba ji: wa ke jin kiɗan a cikin labarin, wa aka hana ya ji, kuma mene ne ya isa ya katse shi. Mun zaɓi wannan fim ne domin kiɗansa kaɗan ne ƙwarai, har mai nazari yana iya riƙe shi duka a ka.

2. Labarin a taƙaice

Jarumin fim ɗin jaki ne. A wani ƙauye na Faransa kusa da kan iyaka, wasu yara sun roƙi a ba su ɗan jaki, suka yi masa wankan baftisma cikin wasa, suka raɗa masa suna Balthazar. Daga nan sai ya riƙa sauya hannu: Marie, ɗiyar malamin lakkol, wadda Anne Wiazemsky ta fito a matsayinta, mai gidan burodi da yaronsa Gérard, shugaban ƴan iskan gari, Arnold mashayi, masu wasa da dabbobi, inda aka mai da shi mai lissafi da kofato, wani ɗan kasuwar hatsi marowaci, wanda marubuci Pierre Klossowski ya fito a matsayinsa. Rayuwar Marie tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta jakin, tana lalacewa a hannun Gérard. A ƙarshe Gérard ya ɗora wa jakin kayan fasa-ƙwauri da dare, ƴan duwan suka yi harbi, mutanen suka gudu, harsashi ya sami dabbar. Da gari ya waye ya kwanta a tsakiyar garken tumaki ya mutu.

Sunan fim ɗin ma abin lura ne. Kalmar hasard tana nufin abin da ya faɗo ba tare da shiri ba, dace ko katari. Tun daga suna ke nan an aza tambayar: wannan jerin iyayen gida katari ne kawai, ko kuwa rubutacce ne?

3. Sauti iri uku

Kiɗan da kowa yake tunawa da shi a fim ɗin ba don fim ɗin aka tsara shi ba. An ɗauko shi daga sonata ta piyano mai lamba 20 (D. 959) ta Franz Schubert, kashi na biyu, wanda ake kira Andantino, Jean-Joël Barbier ne ya kaɗa. Schubert ya kammala wannan sonata a watan Satumba na 1828, ya rasu a Biyana a watan Nuwamba na wannan shekara yana da shekara 31, ba a kuwa buga ta ba sai bayan kimanin shekara goma. Ba mu kawo wannan tarihi don mu ce mai kallo yana jin mutuwar Schubert a cikin kiɗan ba. Yawancin masu kallo ba su san shi ba, kuma fim ɗin bai dogara da su sani ba. Abin da kunne yake kamawa ya fi wannan sauƙi. Hannun hagu yana rausaya da bugu uku-uku kamar mai jijjiga jariri, hannun dama kuma yana zagaya ƴan muryoyi kaɗan da ke maƙwabtaka da juna, ya ɗan tashi, ya komo inda ya fito. Kiɗa ne mai tafiya ba tare da ya ci ƙasa ba. Duk wanda ya taɓa kallon dabbar da aka ɗaure tana zagaya turke ya san wannan motsi, kuma fim ɗin da kansa ya nuna Balthazar yana zagaye ƙarƙashin bulalar ɗan kasuwar hatsi.

Wannan shi ne sauti na farko. Babu wani mutum a cikin labarin da yake jin sa. Ba a ga piyano a ƙauyen ba, ba a ga makaɗi ba. Michel Chion, a cikin littattafansa kan sautin sinima, yana kiran irin wannan musique de fosse, wato kiɗan rami, bisa kwatance da ramin da makaɗa suke zama a gaban dandamalin wasa, ƴan wasa ba su san da su ba. Mu za mu kira shi kiɗan waje.

Sauti na biyu shi ne kiɗan ciki, wanda mutanen labarin suke ji, su ne ma suke kunna shi. Shi Chion yake kira musique d'écran. Kusan dukkansa yana hannun Gérard. Matar mai burodi, wadda ta ɗauke shi kamar ɗa, ta saya masa ƙaramar rediyo, yana yawo da ita tana zuba waƙoƙin yayi. Jean Wiener ne ya tsara wannan ɓangare. A daren da Arnold ya ci gado ya tara mutane a mashaya, kiɗan rawa yana tashi, Gérard yana farfasa kwalabe da madubi, masu rawa ba su fasa ba, a waje kuma ana harba tartsatsin wasa jakin yana firgita.

A nan akwai wani abu da masu karanta fim ɗin da idon addini sukan tsallake, alhali kuwa shi ne ya fi wuya. Gérard ɗin nan shi ne kuma mai rera waƙar ibada a coci, da murya mai daɗi, Marie tana ɗaga ido tana dubansa. Wato waƙar da aka keɓe wa Ubangiji, a cikin wannan labari, daga bakin mugu take fita, kuma tana daga cikin tarkon da yarinyar ta faɗa. Da Bresson yana son ya ce kyakkyawan sauti shaidar alheri ne, da bai yi haka ba. Ya toshe wannan hanya tun da wuri. Ya kuma guje wa abin da ya yi a finafinansa na baya: a Un condamné à mort s'est échappé (1956) kiɗan waje daga addu'ar coci ta Mozart yake, kalmominta suna roƙon jinƙai a fili. A nan kuwa ya ɗauko piyano tsura, wanda babu kalma ko ɗaya a cikinsa, babu kuma alamar coci.

Sauti na uku shi ne kukan jakin, tare da sauran ƙarar duniya: sarƙa, kofato, amalanke, injin babur, ƙararrawar tumaki.

4. Inda aka katse Schubert

Tun ana rubuta sunayen ma'aikata a allo, piyano ya fara. Ana cikin haka sai kukan jaki ya faso, mai tsawo, mai kaushi. Piyano ya tsaya. Jakin ya gama kukansa. Sa'an nan piyano ya ci gaba. A ganinmu duk tunanin fim ɗin yana cikin wannan ɗan lokaci, saboda haka za mu daɗe a kansa.

Da farko dai, bisa ƙa'idar sinima abin da ya faru bai kamata ya yiwu ba. Kiɗan waje da ƙarar ciki ba a ɗaki ɗaya suke ba. A fim na yau da kullum kiɗan waje yana bisa komai: idan ya tashi sai a rage ƙarar duniya don a ba shi wuri, shi ke gaya wa mai kallo inda zai ji tsoro da inda zai yi kuka. Ba ya jin kowa, kowa ke jin sa. A nan sai ga shi ya ji. Wani abu daga ƙasa ya yi kuka, na sama ya yi shiru ya saurara. Kuma abin da ya saurara wa ɗin shi ne mafi ƙasƙancin sauti.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A Suratu Luƙman an kawo muryar jaki a matsayin mafi munin muryoyi, a wurin da ake horon mutum ya sassauta murya. A maganar yau da kullum ma idan aka kira mutum jaki an gama zaginsa. Turawa su ma haka suka ɗauki dabbar, alamar wauta da taurin kai. Akwai kuma gadon René Descartes, wanda a Discours de la méthode (1637) ya kwatanta dabbobi da na'ura, ya kafa hujja da cewa ba su da magana. Idan aka bi wannan ra'ayi har ƙarshensa, kukan jaki bai bambanta da ƙarar ƙofa mai tsatsa ba, kuma babu wanda yake dakatar da Schubert don ƙofa ta yi ƙara. Da piyano ya tsaya, fim ɗin ya riga ya ɗauki matsayi a kan Descartes ba tare da an furta kalma ba: wannan ƙara murya ce, akwai mai ita.

Bresson ya ambata cewa tunanin fim ɗin ya zo masa daga littafin Dostoyevski, L'Idiot a fassarar Faransanci, inda jarumin yake ba da labarin yadda kukan jaki a kasuwar birnin Bal na ƙasar Suwis ya farkar da shi daga duhun ciwonsa. A littafin kukan yana farkar da mutumin cikin labari. A fim ɗin mu masu kallo yake farkarwa, domin mu ne piyanon ya fara lallashi.

5. Shin taken jakin ne?

Hanya mafi sauƙi ta fassara ita ce a ce Schubert shi ne "taken" Balthazar, kamar yadda a kiɗan fada ko na dambe kowane gwani yake da takensa da ake kaɗa masa. Kwatancen yana da amfani, amma amfaninsa yana wurin da ya karye. Take ana yin sa ne don mai shi ya ji. Idan makaɗi ya kaɗa taken ɗan dambe, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya shiga fili. Taken yana aiki a kansa, yana sauya abin da zai faru, jama'a kuma suna shaida. Haka ma taken jarumi a finafinan Amurka, ko da jarumin ba ya jin sa, yana yi wa mai kallo alkawarin cewa ƙarfi yana nan tafe.

Piyanon Balthazar ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Jakin ba ya jin sa. Bai taɓa sa shi ya tashi ba, bai taɓa sassauta hannun mai bulala ba. Da Gérard ya ɗaura masa takarda a wutsiya ya cinna wuta don ya tilasta shi tafiya da burodi, babu abin da ya sauko daga sama. Kiɗan yana zuwa, yana tafiya, duniya tana nan yadda take. Kuma ba ya girma. A fim na al'ada taken yakan sauya tufa bisa ga halin da ake ciki: a hankali a wurin soyayya, da ganguna a wurin yaƙi, da dukan makaɗa a ƙarshe. A nan piyano ɗaya ne, hannu biyu, daga farko har ƙarshe. Abin da ya raka ɗan jaki a lokacin da yara suke wasa da shi, shi ne ya raka tsohon jaki da ya sha duka.

Daga nan ne ake kawo maganar Jansenius da Pascal, kamar yadda aka saba yi duk lokacin da aka ambaci Bresson. A koyarwar da ta fito daga littafin Augustinus (1640), wadda mutanen Port-Royal suka riƙe, rahamar Ubangiji ba lada ba ce. Ba a sayen ta da aiki, tana sauka inda ta ga dama. Pascal kuma ya yi ta nanata batun Ubangiji ɓoyayye, wanda ba ya bayyana kansa ƙarara a cikin al'amuran duniya. Ba mu da sha'awar maƙala wa Bresson wannan lamba, an yi ta da yawa har ta zama hanyar gudun kallon finafinan. Amma dole mu yarda cewa tsarin sautin ya yi daidai da wannan siffa: wani abu yana halarta, ba a gan shi ba, waɗanda yake tare da su ba su san yana nan ba, bai zo don sun cancanta ba, bai kuma hana wahala ba. Mai kallo ba ya karanta wannan a matsayin hujja. Ana zaunar da shi ne a wurin da zai ji abin da mutanen labarin ba su ji, na tsawon minti 95, har zaman ya zame masa hanyar duban duniya.

6. Rahama ko halin ko-in-kula?

Akwai suka mai ƙarfi da za a iya yi wa abin da muka faɗa, kuma bai kamata mu wuce ta ba. Mai sukar zai ce: abin da kuka kira halarta, ni rashin kula nake ji. Kiɗan da ba ya sauyawa ko ana shafa jaki ko ana dukansa, ai shi ne hoton duniyar da ba ta damu da kowa ba, kyakkyawa kuma kurma. Chion yana da suna ga wannan ma, musique anempathique, kiɗan da yake ci gaba da harkarsa a gaban bala'i kamar ba abin da ya faru. Idan haka ne, fim ɗin bai kusanci Pascal ba, ya fi kusa da masu cewa sama babu kowa.

Amsarmu ita ce irin wannan kiɗa yana cikin fim ɗin, sai dai ba piyano ba ne. Rediyon Gérard ne, da kiɗan mashaya wanda bai tsaya ba ana farfasa kwalabe. Na'ura ba ta tsayawa don wani ya yi kuka. Piyano kuwa mun ga ya tsaya, sau ɗaya, a farkon fari, kuma wannan sau ɗayan ya isa ya sauya yadda muke jin duk dawowarsa. Bresson ya ajiye iri biyun gefe da gefe don a ji bambancinsu. Ba mu ce wannan ya tabbatar da akwai mai ji a sama ba; fim ba ya tabbatar da irin wannan. Wanda bai yi imani ba yana iya tsayawa a kan tausayi kawai, irin wanda Schopenhauer ya mai da tushen ɗabi'a ya kuma shigar da dabbobi a cikinsa. Abin da tsarin sautin ya hana shi ne karatu na uku, wato cewa wahalar jakin ba komai ba ce.

Suka ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin daga Bresson kansa ta fito. A littafinsa Notes sur le cinématographe (1975) ya yi watsi da kiɗan rakiya gaba ɗaya, ya nemi ƙarar abubuwa ita ta zama kiɗa. Bayan Mouchette (1967), inda ya yi amfani da Monteverdi, kusan ya daina sa kiɗan waje a cikin labari. A fim ɗinsa na ƙarshe, L'Argent (1983), Bach da ake ji wani tsoho ne yake kaɗa shi a piyano a cikin gida, a gaban idonmu. Ke nan mai fim ɗin ya zo ya ga abin da muke yabo a matsayin rauni, wata hanya ta shafa wa mai kallo zuma a baki.

Muna ganin yana da rabin gaskiya. Akwai wuraren da piyanon yake shiga a tsakiyar fim inda hoton ya riga ya gama aikin, kiɗan ya zo yana nuna mana abin da muka riga muka gani. A nan Schubert yana gab da zama abin da Bresson ya tsana, ɗan rakiya mai share hawaye. Kuma haɗarin na gaske ne: mai kallo yana iya fita yana jin daɗin baƙin cikinsa, ya manta da Marie, wadda aka tuɓe, aka doke, aka kulle a ɗaki, daga baya ta tafi ba a sake ganinta ba. Mahaifiyarta ta kira jakin waliyyi. Ita Marie babu wanda ya kira ta komai. Idan kiɗan ya sa muka fi tausayin dabbar da ba ta iya zunubi bisa ga yarinyar da ta iya, to ya sauƙaƙa mana abin da bai kamata ya yi sauƙi ba, kuma wannan tambaya ba mu ga fim ɗin ya warware ta ba.

Amma a fage na ƙarshe ba mu bi Bresson ba. Duk mai shakka yana iya gwadawa a aji: a kalli fagen a toshe sautin, sa'an nan a sake kallo da shi. Jakin yana tsaye da rauninsa a kan tudu, rana ta fito. Kafin komai ƙararrawar tumaki ake ji daga nesa, da haushin kare. Garken ya zo ya kewaye shi, ya kwanta a tsakiyarsu. Ƙararrawar nan ƙarar duniya ce zalla, ƙarfe a wuyan dabba, amma kunne ya riga ya fara jin ta kamar kiɗa, wato abin da Bresson zai nema daga baya ya riga ya samu a nan. Sa'an nan piyano ya dawo, bai kore ƙararrawar ba, bai hau kanta ba. Tumakin suka janye sannu a hankali kamar yadda suka zo, ba su san abin da suka halarta ba. A farkon fim kiɗan waje da muryar ciki sun yi karo, ɗaya ya tsaya don ɗaya ya wuce. A nan babu karo, domin muryar da ta isa ta katse piyanon ita ce take ƙarewa a ƙasa, mai kallo kuwa yana sauraron kiɗan yana jiran kukan da ya katse shi da farko, har allon ya yi duhu.